Kafin ka ce ta rage ci, ka tambaye ta ko tana samun barci

Sau biyu ake yi wa mace magana a kan jikinta a garin nan namu na Kaduna. Na farko 'yan watanni bayan aure, idan ta je ganin gida ko ta shiga taron suna: "Kai, masha Allah, amarya kin murje! Lallai aure ya karɓe ki." Uwa ta ji daɗi, miji ya sha yabo, a ce ya iya kiwo. Na biyu kuma bayan haihuwa uku ko huɗu, kuma bakunan da suka yi yabon nan su ne dai: "Ke kam wance ki rage ci mana, ina za ki kai wannan jiki?" Tsakanin maganar farko da ta biyu shekaru ne masu yawa, kuma a duk tsawonsu da wuya a samu wanda ya zaunar da ita ya ce, "Wai kina samun barci kuwa? Yaushe rabon da ki yi dariya har cikin ranki?"

Ƙibar da muke gani a jikin mata da yawa tafe take da ciwon damuwa. Wata ƙibar ce ta fara zuwa ta jawo mata ciwon, wata kuma ciwon ne ya fara kama ta ya tara mata jikin. Mu da muke kewaye da su kuwa, iyaye da mazaje da ƙawaye, mu ne masu rura wutar, muna ganin gyara muke yi. Kuma idan na ce ciwon damuwa, ba ɓacin ran kwana biyu nake nufi ba, irin na an yi faɗa da maigida ko kuɗin adashi ya maƙale. Ina nufin ciwon da likitoci suka sani, wanda mutum zai yi sati biyu ko fiye zuciyarsa a cunkushe kusan kullum, abin da a da yake ba shi nishaɗi ya fita daga ransa, barci ya lalace, cin abinci ya canza, ya dinga jin shi ba shi da wani amfani a duniya.

Kwanakin baya na shiga Napep daga Kawo zan je kasuwa. Wata baiwar Allah ta tsayar da mu, za ta kai shekara arba'in, da hijabinta har ƙasa da jakar hannu. Ƙafa ɗaya ta sa a ciki, mai Napep ɗin ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ke fa kuɗin mutum biyu za ki biya." Yaron da ke zaune kusa da shi a gaba ya tuntsire da dariya. Ita ma ta yi murmushi, ta ce, "To, ba komai, mu je." Ta matse jikinta a gefe kamar za ta shige cikin ƙarfen, ta juya fuskarta waje. Muna tafe ina ganin tana kai gefen hijabi ido tana gogewa. Kasuwa ta ce za ta je da ta shigo, amma muna kaiwa Unguwar Sarki ta ce a sauke ta. Ta biya kuɗin mutum biyun cif.

Ku yi tunanin abin da zai biyo baya. Gobe idan an ce akwai biki a Tudun Wada, sai ta ce kanta na ciwo. Jibi cefane sai ta aiki yaro. Makarantar Islamiyya ta matan aure da take zuwa da safe a ƙasa, ita ma a hankali za ta daina. Kowace fita da ta soke, ta rasa motsa jiki, ta kuma rasa mutane. Jikin ya ƙaru, zuciyar ta ƙara ƙunci, fitar ta ƙara yin wuya. Mai Napep ɗin ko ya manta da ita tun kafin ya kai Leventis.

Masana sun daɗe da auna wannan abu. A 2010 wasu masu bincike a ƙasar Holan suka tattara nazarce-nazarce 15 da aka yi a kan mutane sama da 58,000, waɗanda aka bibiyi rayuwarsu na tsawon lokaci. Suka gano cewa mai ƙiba haɗarin ya kamu da ciwon damuwa nan gaba ya ƙaru da kashi 55 cikin 100, mai ciwon damuwa kuma haɗarin ya yi ƙiba ya ƙaru da kashi 58 cikin 100. Kun ga kusan kunnen doki ne, kowanne yana jan ɗan'uwansa. A 2018 kuma masana daga jami'ar Exeter ta Ingila da wata jami'a a Ostireliya suka duba ƙwayoyin gado na mutane kusan 48,000 masu ciwon damuwa, suka kwatanta da na wasu kusan 290,000 da ba su da shi. Sakamakon ya nuna ƙibar kanta tana haddasa ciwon, kuma abin ya fi ƙarfi a mata. Abin da ya fi tsaya mini a rai a binciken shi ne, har waɗanda suka gaji irin ƙibar da ba ta zuwa da ciwon suga ko na zuciya, su ma damuwar ba ta ƙyale su ba. Wato ko jikin lafiya lau yake, abin da mai ƙiba ke gani a idon mutane da abin da take ji daga bakinsu ya isa ya kwantar da ita.

Dama can mata sun fi maza kamuwa da ciwon damuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutane kusan miliyan 280 ke fama da shi, kuma ya fi yawa a mata da kusan kashi 50 cikin 100. A gida Najeriya, babban binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, kuma matan birni sun fi na ƙauye nesa ba kusa ba. Ga mai son lissafin: ana raba nauyin mutum a kilo da tsayinsa a mita sau tsayinsa. Idan ya kai 25 nauyi ya fara yawa, idan ya kai 30 an shiga ƙiba. Macen da tsayinta mita 1.6 ne, da ta kai kilo 64 ta taka layin farko, kilo 77 kuma ta haye na biyu.

Wani zai ce ai wannan binciken Turawa ne, mu nan ƙiba ado ce. A da ke nan, kuma ko a da ɗin ma da iyakarta. Yanzu waya ta zo. Yarinya a Rigasa tana kallon irin hotunan da yarinya a Landan ke kallo. Abin da ake so a wajen mace yau ya ma fi na Turawan wuya: ana son ta cika ta sama da ta ƙasa, amma cikinta ya lafe kamar ba ta taɓa haihuwa ba. Wace mace ce mai 'ya'ya biyar za ta iya wannan, in ba a hoton da aka gyara ba?

Bari in tsaya a kan yadda damuwa ke sa ƙiba, domin nan ne aka fi yi wa mata rashin adalci. Mun saba da cewa mai baƙin ciki ramewa yake yi, kuma gaskiya ne wasu na ramewa. Shi ya sa idan mace ta ce tana cikin damuwa alhali kumatunta sun cika, sai a yi mata dariya: "Ke ɗin? Mai damuwa ce za ta yi wannan jiki?" An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to fuskar mai ƙiba ƙarya take yi mata a wajen mutane. Akwai nau'in ciwon da ke ƙara wa mutum ci da yawan kwanciya, jiki ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutse, kuma an fi samunsa a mata. Ga ta nan ƙarfe biyun dare, yara sun yi barci, maigida yana ɗakin amarya ko yana can majalisa bai dawo ba. Idonta biyu. Ta duba waya har ta gaji. Sai ta tashi ta ɗora ruwan zafi, ta haɗa shayi mai kauri da suga cokali huɗu, ta yanko burodi, ko ta ɗumama sauran taliyar dare. Ba yunwa take ji ba. Abu mai zaƙi da mai maiƙo yana ɗan kwantar da zuciya na 'yan mintuna, kuma a gidan kaf shi kaɗai ne abin da za ta nema ta samu ba tare da an yi mata gori ba. Da ta gama sai haushin kanta ya kama ta, ta ce gobe ba za ta ƙara ba. Goben ma haka.

A cikin jiki ma akwai abin da ke faruwa. Idan mutum ya daɗe cikin fargaba da ƙunci, wani sinadari da ake kira kotisol yana yawaita a jininsa, shi kuma yana ƙara sha'awar abinci, yana kuma tara kitse musamman a ciki. Rashin isasshen barci yana rikita sinadaran da ke gaya wa mutum ya ƙoshi ko yana jin yunwa. Sannan mai wannan ciwo shara ma da kyar take yi, balle a ce ta fita tattaki. Mutanen gida su ce lalaci ne, son jiki ne. Ta ɗaya ɓangaren kuma ƙiba na kawo ciwon gwiwa da na baya, tana kawo minshari da ɗaukewar numfashi cikin barci, mutum ya wayi gari a gajiye kamar bai kwanta ba. Ana kukan targaɗe sai ga karaya.

Sai maganar jego. Al'adarmu ta kula da mai jego tana da kyau ta fuskoki da yawa, ban raina ta ba: a ɗauke mata aiki, a zauna da ita, a ciyar da ita. Amma mu duba me ake kula da shi. Ana kula da ruwan wanka ya yi zafi, kunun kanwa ya shiga ciki, an ci ƙauri, an ci kaza, nono ya kawo. Kwana arba'in tana zaune tana ci. Zuciyarta fa? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mace ɗaya cikin goma na masu ciki da waɗanda suka haihu suna shiga ciwon damuwa. Mai jego za ta zauna tana kuka ba ta san dalili ba, ta kalli jaririn ta ji ba ta jin komai, ta ji tsoron faɗa kada a ce ba ta gode wa Allah ba. Idan abin ya fito fili sai a ce iska ce ta shafe ta, a kira mai ruƙiyya. Ta fita jego da ƙarin kilo goma da ciwon da ba a gano ba, kafin ta farfaɗo wani cikin ya shiga. (Af, tun da na ambaci kunun kanwa: tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kanwa da wankan ruwan zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ƙafafunta suka kumbura tana haki, kada a ce ta yi jiki ne. Ruwa ne ke taruwa, asibiti za a kai ta a ranar.)

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kasuwancin da aka gina a kan wannan rauni. Budurwa siririya ana saura wata biyu bikinta, ƙawaye da gwaggonni su sa ta a gaba: "Haka za ki shiga gidan miji kamar sillen kara?" A je kemis a sayo sha-ka-fashe. Na ga yadda ake ƙulla shi a farar leda, ƙananan ƙwayoyi kala biyu ko uku, babu suna babu takarda, a ce ta sha da daddare da madara. Galibi abin da ke ciki deksametazon ne da sifroheftadin. Na biyun maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki ya sa barci. Na farkon kuwa magani ne mai ƙarfi da likita ke bayarwa da lissafi, kuma idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki da doron wuya, ya tsattsaga fata, ya kawo hawan jini da suga, ya raunana ƙashi. Yana kuma taɓa ƙwaƙwalwa kai tsaye: rashin barci, saurin fushi, ƙunci, wasu har su rikice. Wadda ta daɗe tana shan sa ma ba a so ta daina rana ɗaya, sai likita ya dinga rage mata a hankali, in ba haka ba jiki na iya faɗuwa.

Bayan shekara shida, wannan yarinyar dai ita ce za ka gani tana tura kuɗi wa mai sayar da shayin rage teɓa a Instagram. Sau da yawa mai shagon ɗaya ce: a shafi guda tana tallar maganin ƙarin ƙugu da na zubar da tumbi. Yawancin shayin nan zawo da fitsari kawai yake sawa, ruwa ya fita, sikeli ya ɗan sauka, sati biyu ya dawo. Mace mai lafiyar zuciya za ta ce an cuce ni, ta wuce. Mai ciwon damuwa kuwa cewa za ta yi, "Ni dai komai na taɓa ba ya yi." Kowane shayi da ya gaza ƙarin hujja ne a wajenta cewa ita ce matsalar.

Na san za a ce ai akwai masu ƙiba da ke cikin walwalarsu, akwai kuma sirara da damuwa ta cinye. Haka ne. Ina da 'yan'uwa masu jiki da in suka shigo gida sai kowa ya yi dariya, kuma ba na so wani ya karanta wannan ya je ya fara yi musu kallon marasa lafiya. Maganar ita ce haɗarin ya fi yawa, kuma alamar da za a lura da ita canji ce: mace mai son mutane ta koma ƙunshe kanta a ɗaki, mai kwalliya ta daina ko shafa mai, jiki na ƙaruwa magana na raguwa. Wani kuma zai ce a wannan tsadar wa ke da abincin yin ƙiba? To ai abinci mai arha shi ne mai sa ƙibar. Taliya, shinkafa, garin kwaki da suga, burodi, lemon kwalba. Kifi da ƙwai da 'ya'yan itace su ne suka gagari talaka. Mace na iya yin teɓa alhali jininta bai isa ba.

Mazaje, ku ma ga taku. Wasu cikinku sun mayar da jikin matansu abin barkwanci a gaban yara da baƙi. "Uwar gida sarautar mata, kujerar nan za ta ɗauke ki kuwa?" Wani in zai ƙara aure sai ya ce ai ita ta jawo, ta saki jikinta. Kai da ka hana ta fita ko nan da ƙofar gida, ka ce matarka ba za ta je wajen motsa jiki ba, tsakar gidan hayar da kuke ciki kuma ko taku goma ba ta kai ba, a ina za ta rage? Wanda ke Malali ko Unguwar Rimi yana iya ɗaukar iyalinsa a mota ya kai su Murtala Square da sassafe su zagaya. Matar da ke Hayin Banki ko Unguwar Mu'azu, titin unguwa kawai take da shi, shi ma in ta fito da takalmin gudu sai an nuna ta da baki. Abin da masana lafiya ke nema shi ne aƙalla minti 150 a sati, wato tafiya da ɗan sauri ta rabin awa sau biyar, kuma an tabbatar tana rage damuwar kanta tun ma kafin sikeli ya motsa. Bayan sallar asuba ka raka ta ku zagaya layinku, me zai ragu a jikinka? Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin ta yi tsere da Manzon Allah (SAW) a wata tafiya ta wuce shi. Daga baya da ta yi jiki suka sake, ya wuce ta, ya ce mata wannan a madadin waccan. Hadisin na cikin Abu Dawud. Ta yi jiki, kuma abin da mijinta ya yi shi ne ya sake kiranta tsere.

Masu cewa damuwa rashin tawakkali ce kuma, su koma Suratu Yusuf su ga Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki. Addu'a da azkar muna yi, ba mu bari. Amma mai ciwon suga ma yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya ce imaninsa ya yi rauni.

Mu a Kaduna ba mu da uzurin nisa. Asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya yana nan Barnawa, ga asibitin koyarwa na Barau Dikko, ga na Shika a Zariya. Matsalar sunan Barnawa ne ya zama abin zagi a bakinmu, da an ce wance ta je can sai a ce ta haukace, 'ya'yanta mata ma a fara gudun aurensu. Alhali mafi yawan masu zuwa can da ƙafarsu suke zuwa, su ga likita, su karɓi magani su koma gida su ɗora girki. Ƙasar ma ta motsa, ko da a takarda ne: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da aka gada tun zamanin Turawa. Likitocin fannin dai sun yi kaɗan ƙwarai, don haka ba sai an jira ganin babban likita ba. Likitan da ke duba ki a kan hawan jini ma zai iya fara tantancewa, akwai 'yar takarda mai tambayoyi tara da suke amfani da ita, ba ta cin minti goma.

'Yar'uwa, idan kin je, kada ki tsaya a "ciwon kai da ciwon jiki" kamar yadda muka saba, a rubuta miki farasitamol ki dawo. Ki faɗa masa ba kya barci, kina ci da dare, kina kuka, jikinki ya ƙaru cikin wata kaza. Ki faɗa masa duk abin da kike sha, har na kemis da na mai kayan mata da allurar tazarar haihuwa, domin ta wata uku-uku tana sa wasu mata ƙiba. Ki nemi a duba miki tayiroid, halittar nan ta maƙogwaro da ke kumbura ta zama maƙoƙo, saboda idan aikinta ya yi ƙasa tana kawo ƙiba da kasala da ƙunci a tare, kuma gwajin jini ne kawai. Idan al'adarki na tsallake watanni, gashi na fito miki a haɓa, haihuwa ta yi jinkiri, ki ambata, akwai lalurar da ake kira PCOS da ke haɗa waɗannan da ƙiba da damuwa. Idan an ɗora ki a kan maganin damuwa, ki sani wasu irinsu amitiriftilin suna ƙara nauyi, wasu kuma ba su cika yi ba, don haka ki gaya wa likita tsoronki tun farko ya zaɓa miki, kada ki je gida ki watsar a ɓoye. Maganin kan ɗauki sati biyu zuwa shida kafin a ji aikinsa.

Idan kuma ta kai kina jin gara ki mutu ki huta, ko kin ji wata ta faɗi haka ko da cikin wasa ne, wannan ba ta jiran ranar asibiti. A samu wanda aka yarda da shi a gidan, a kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakin, a kai ta ga likita a ranar.